Hannu da baki: masu afasiya iri biyu a ƙasar Cek

Malama, kin tambaya ko masu jin harshen Cek waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa wa magana, wato afasiya, suna cike giɓin da ishara. Amsar ta danganta da wurin da ƙwaƙwalwa ta samu rauni.

Na farko shi ne wanda raunin ya sama ta gaba a ɓangaren hagu, wurin da likita Paul Broca ya bayyana a Faransa a 1861. Yana fahimtar yawancin abin da ake faɗa masa, ya kuma san abin da yake son faɗa, kalmar ce ke fita da ƙyar. Ga harshen Cek da tsauri: suna yana canza ƙarshensa bisa matsayi bakwai a jimla. Ruwa "voda" ne, amma in shi kake so sai ka ce "vodu". Mai wannan lalura kan tsaya kan siffa mafi sauƙi, ko ya ɗora ƙarshen da bai dace ba, jimlar ta kasa nuna wa ya yi wa wa abu. Nan hannu ke shigowa. Ya dunƙule shi kamar kofi ya kai baki, ya nuna kansa, ya ƙirga da yatsu, ya zana siffar abu a iska. Sau da yawa da hagu yake yi, domin hannun dama ya shanye. A ganina wannan ishara magana ce cikakkiya, kuma iyalin da ke cewa "daina nuni, faɗa da baki" suna toshe masa ƙofar da ta rage.

Na biyu, irin da Carl Wernicke ya bayyana a 1874, raunin yana can baya, kusa da inda ake sarrafa abin da kunne ya ji. Magana na zuba, da karin murya daidai, sai dai kalmomin sun sauka daga hanya, wasu ma ƙirƙirarsu ya yi. Hannunsa ma ba ya hutawa, amma galibi kaɗawa ce mai bin bugun magana, ko nuni marar takamaiman wuri. Kada yawan motsin ya ruɗe ki. Mai sauraro bai cika tsintar ma'ana a ciki ba.

Akwai kuma afraksiya, matsalar tsara motsi da gangan, wadda kan zo tare da kowanne cikin biyun. Mai ita, ko ya san cokali yake so, hannunsa na iya kasa kwaikwayon ɗaukarsa, shi ya sa masu gyaran magana kan gwada ta kafin su koya wa majinyaci dogaro da ishara.