Waƙoƙin Italiya na Ƙarni na 17: Da Tiyorba ko da Fiyano?

Mawaƙi mai muryar tena, wato muryar namiji mai tashi sama, idan zai rera waƙoƙin farkon zamanin Barok, wato salon kiɗan Turai da ya fara wajen farkon ƙarni na 17, hanya biyu ce a gabansa: ko a raka shi da kayan kiɗan wancan zamani, ko da fiyanon yau.

Lokacin da mawaƙi Giulio Caccini ya wallafa tarin waƙoƙinsa a birnin Fulorans na Italiya a 1602, layin murya da layin sautin ƙasa-ƙasa na kiɗan kawai ya rubuta, ya bar wa makaɗi ya cike sauran da basirarsa. Tiyorba, wani abin kiɗa mai tsirkiya na wancan zamani, ta dace da wannan tsari, domin dogon wuya gare ta, tsirkiyoyinta na hanjin dabba ne, kuma da yatsu ake tsinkar su kamar molo. Sautinta yakan dushe da wuri, saboda haka mawaƙi ba ya buƙatar ɗaga murya, kowace kalma ta fita sarai, kuma makaɗin yana iya jinkirtawa ya jira shi idan ya ja numfashi ko ya ƙawata wata gaɓa.

Fiyano kuwa tana ko'ina, kuma tun daga 1885, da masanin kiɗa ɗan Italiya Alessandro Parisotti ya fara buga tsofaffin waƙoƙin da cikakken rakiyar fiyano, ɗalibai da yawa ta nan suka san su. Sai dai sautinta mai kauri yakan tilasta wa mawaƙi ƙara ƙarfi, waƙar rawa mai sauƙin kamawa ta yi nauyi. A babban zaure fiyano ta fi kai wa kujerun baya, amma a ƙaramin ɗaki tiyorba nake zaɓa.