Sharhi: hayar gidan dutse na kwana biyu a Cotswolds cikin hunturu

Hayar ƙaramin gida a ƙauyukan Cotswolds na Ingila tsakanin Disamba da Fabrairu ta ci kuɗinta, amma da sharaɗi: a samu ɗumi. Gidajen na dutse ne mai launin zuma, bangonsu kauri gare shi, idan kuwa gida ya kwana biyu ba kowa a ciki ya sha sanyi, sai ya kusan yini kafin ya saki. Saboda haka tun kafin ka biya ka tambayi mai gidan: za a kunna na'urar ɗumama ɗakuna kafin isowarka? Itace yana cikin kuɗin haya ko daban ne? Kwandon itacen da ake ajiye wa baƙo da wuya ya wuce dare ɗaya.

Murhun itacen nan mai ƙofar gilashi shi ne gishirin tafiyar, shi ne kuma ke ba mutane haushi. Jera gungume biyu a ƙasa, ƙirare a kai a gicciye, ka kunna daga sama, ka buɗe ƙofofin iska duka na kamar minti 15 kafin ka rage. Idan hayaƙi ya dawo ɗaki, ko bututun ne bai yi zafi ba, ko itacen ɗanye ne. Sayi mai tambarin Ready to Burn, wanda danshinsa bai wuce kashi 20 cikin 100 ba. Duba kuma ko akwai na'urar gargaɗi kan iskar guba kusa da murhun. Wannan ba abin wasa ba ne.

Zuwa ba wuya. Jirgin ƙasa daga Paddington a Landan zuwa Moreton-in-Marsh kamar awa ɗaya da rabi ne, daga nan bas mai lamba 801 yana bi ta Stow-on-the-Wold da Bourton-on-the-Water. Sai dai bas ɗin ƙauye ba ya yin dare, tasi kuma sai an yi magana da direba tun da wuri. Mai tuƙi ya kiyayi ƙananan hanyoyi da sassafe, don ba duka ake zuba wa gishirin narkar da ƙanƙara ba, ƙanƙara kuwa ba ta nuna kanta a kan kwalta.

Rana gajeriya ce ƙwarai. A Disamba tana faɗuwa wajen ƙarfe 4, azahar da la'asar da magariba duk a matse. Wajen lokacin ne kuma ake ba da izinin shiga gidan, wato cikin duhu za ka lalubi akwatin da ake ajiye mabuɗin gidan, wanda ake buɗewa da lamba, a titin da babu fitila. Riƙe tocila, ka rubuta lambar akwatin a takarda, don sabis ɗin waya yakan ɗauke.

Asabar da safe, tattaki daga Bourton zuwa Lower Slaughter, kamar mil ɗaya da rabi, ya fi yawon shaguna armashi, in dai akwai takalmin roba, don laka ce har idon sawu. Naman halal kuwa taho da abinka daga Landan ko Oxford. Soyayyen kifin gidajen abinci ma ka tambaya, sau da yawa da giya ake kwaɓa fulawarsa. Dogo kuma ya riƙa sunkuyawa: azarar ɗakunan nan ƙasa-ƙasa take, ba ta san baƙo ba.