Kafin ka sayi ruwan fularin, tambayi yadda aka haɗa shi

Wani ɗalibin digiri na biyu a nan Katsina ya zo mini da kwalabe biyu, kowace an rubuta C60 a jikinta. Ɗaya ruwanta rawaya ne garau, ɗayar kuwa ƙasa-ƙasa, da ɗan gari kwance a gindi. Ya ce, "Malam, wace ce ta jabu?" Na ce masa babu ta jabu, hanyar haɗi ce ta bambanta.

Fularin, wato C60, wannan ƙwaya mai kabon 60 da siffar ƙwallon ƙafa wadda Kroto da Curl da Smalley suka gano a 1985, ba ya narkewa a ruwa. Abin da ke cikin kwalba 'yan dunƙule ne ƙanana suna yawo, kamar ƙullun koko kafin ya kwanta. Caji iri ɗaya da ke jikinsu shi ke sa suna ture juna.

A hanyoyin haɗin, mafi arha shi ne ka sayi garin fularin, ka zuba a tataccen ruwa, injin juyi ya yi ta motsa shi makonni. Babu wani sinadari da ya shiga, don haka mai gwaji a kan kifi ko tsiro ya fi samun kwanciyar rai. Sai dai dunƙulen ba sa zuwa kai ɗaya, wani babba wani ƙarami, kuma kaɗan ne ke tashi cikin ruwan. Ga batun wuta: in ba ku da sola a ɗakin gwaji, makonnin nan sai su zama watanni.

Na toluwin ya fi sauri. Ana narka garin a toluwin, wani sinadarin narkarwa mai warin tina, ya yi launin shunayya mai kyau, a haɗa da ruwa, a sa a injin girgiza mai amo har toluwin ya tashi. Yana ba da haɗi mai ƙarfi, yana kuma daɗewa bai kwanta ba. In ka buɗe ka ji warin tina, da saura.

Wanda nake ja wa mutane kunne a kai shi ne na THF, wani sinadarin narkarwa da ake fara narka garin a ciki kafin a haɗa da ruwa. A ido ya fi kowanne kyau, dunƙulensa sun fi kusa da girma ɗaya. Amma THF yana maƙalewa a ciki, kuma yana rikiɗa zuwa wasu sinadarai masu illa. Binciken 2004 da ya ce fularin yana lalata ƙwaƙwalwar kifi da irin wannan haɗi aka yi shi. Daga baya aka nuna ragowar sinadarin na da hannu dumu-dumu. In aikinka auna haske ne ko girman ƙwaya, bismillah. In auna guba ne, ka wanke shi sosai ko ka bar shi.

Wasu 'yan kasuwa za su tura maka fularinol, su ce ai shi yana narkewa. Gaskiya ne, amma an manna masa OH (haɗin oksijin da haidirojin) barkatai a jiki, ba C60 ɗin da ka rubuta a shawarar bincikenka ba ne.

Kowanne ka ɗauka, a rubuta maka hanyar haɗi, da girman dunƙule, da ko an sa wani abu mai hana kwanciya. Ka ajiye a kwalba mai duhu. Kada ka tsarma da ruwan burtsatse ko na leda: gishirin ciki, musamman kalsiyam, yana kashe cajin nan. Ɗalibin nawa ya gwada da rawayar kwalbarsa, washegari ya tarar da baƙin gari a gindi, ruwa fari tas a sama.