Sharhi kan Local Group Policy Editor bayan ya gyara min hoton shafin shiga

Kwamfutar tafi-da-gidanka da nake aiki da ita ta hannu ce, wani kamfani ne ya fara amfani da ita kafin a sayar, kuma Windows 11 Pro ke kanta. Komai nata lafiya lau, in ban da hoton da ke bayan shafin shiga, wato inda ake rubuta kalmar sirri, wanda ya kafe a kan wani zane guda, ya ƙi canzawa. Wani zai ga abin bai taka kara ya karya ba, amma ni ya dame ni ƙwarai, domin idan na'ura ta ƙi bin umarnin mai ita a kan abu ƙarami irin wannan, alama ce ta cewa akwai dokar wani da har yanzu take aiki a cikinta.

Da farko na bi hanyar da aka saba, wato Settings, sannan Personalization, sannan Lock screen, wato allon kulle. A nan ake zaɓar Windows Spotlight (hotunan da Windows ke kawowa da kanta) ko hoto ɗaya ko jerin hotuna masu sauyawa, kuma a ƙasa akwai maɓallin da ke sa hoton allon kulle ya bayyana a shafin shiga. Ga mutane da yawa kunna wannan maɓallin kaɗai ya wadatar, saboda shafin shiga ba shi da hoton kansa, na allon kulle yake ara, shi ya sa canza hoton fuskar kwamfuta ba ya taɓa shi. A tawa kuwa wurin zaɓin ya dushe, ba ya dannuwa, kuma a samansa an rubuta cewa wata ƙungiya ce ke kula da wasu daga cikin saitunan.

Wannan rubutun ne ya kai ni ga Local Group Policy Editor, manhajar da ke zuwa tare da Windows don kunna ko kashe dokokin da ke sarrafa saitunan kwamfuta, wadda ake buɗewa ta hanyar danna maɓallin Windows da harafin R a rubuta gpedit.msc. A cikin Computer Configuration, ƙarƙashin Administrative Templates, sai Control Panel, sai Personalization, na tarar an kunna dokoki biyu. Ta farko ita ce Prevent changing lock screen and logon image, wadda ke hana kowa canza hoton, ta biyu kuma Force a specific default lock screen and logon image, wadda ke tilasta wani hoto na musamman. Tsofaffin masu kwamfutar ne suka bar su a haka. Na mayar da kowacce zuwa Not Configured, na buɗe Command Prompt, tagar da ake rubuta umarni, a matsayin mai cikakken iko, na rubuta gpupdate /force don sabunta dokokin, sannan na kashe kwamfutar na sake kunnawa. Wurin zaɓin ya buɗe, hoton da na sa kuma ya zauna.

Abin da ya fi burge ni da wannan manhaja shi ne ba ta yin gyara a ɓoye. Kowace doka tana ɗauke da bayanin abin da za ta yi idan an kunna ta, da abin da zai faru idan an kashe ta ko an bar ta yadda take, har ma da nau'in Windows da take aiki a kansa. Saboda haka mutum yana sanin musabbabin matsalarsa kafin ya taɓa komai, kuma yana iya mayar da abin yadda ya same shi. Wannan ne ya sa na fifita ta a kan ƙananan manhajojin da ake saukewa daga intanet, waɗanda ke alƙawarin canza hoton da dannawa ɗaya alhali suna neman cikakken iko a kan na'urar ba tare da sun faɗi abin da suke sauyawa ba. Shafin shiga ƙofa ce ta kwamfuta, kuma ban ga hikimar miƙa makullinta ga wanda ban sani ba.

Ta kuma biya min wata buƙata ta biyu. Tun daga sabuntawar Windows 10 mai lamba 1903, wadda ta fito a 2019, hoton shafin shiga yana yin hazo da zarar wurin rubuta kalmar sirri ya bayyana, har wasu su ɗauka bai canza ba. A cikin Administrative Templates ɗin dai, ƙarƙashin System, sannan Logon, akwai doka mai suna Show clear logon background, wadda kunna ta ke kawar da hazon ba tare da an kashe Transparency effects, saitin da ke sa a ga bayan tagogi dishi-dishi, na kwamfutar gaba ɗaya ba.

Duk da haka tana da iyaka. Dokokin suna da yawan gaske, an jera su cikin rassa masu zurfi, kuma wanda bai san inda ya dosa ba zai daɗe yana lalube. Babu ita a Windows Home, don haka mai wannan nau'in dole ya shiga Registry Editor, manhajar gyara rajistar da Windows ke adana saitunanta a ciki, ya nemi NoChangingLockScreen a ƙarƙashin HKEY_LOCAL_MACHINE\SOFTWARE\Policies\Microsoft\Windows\Personalization, ya mayar da shi 0 ko ya goge shi, kuma ina ba da shawarar ya adana kwafin rajistar kafin ya fara. Haka nan ba za ta amfani wanda bai kunna lasisin Windows ɗinsa ba, domin a wannan yanayin zaɓin ƙawata allo a kulle yake tun asali.

Idan kuma kwamfutar har yanzu mallakar wurin aiki ko makaranta ce, dokar da aka sauya za ta iya dawowa da zarar na'urar ta sake haɗuwa da cibiyarsu, kuma a ganina bai ma kamata a taɓa ta ba sai da izinin jami'in da ke kula da kwamfutocin wurin.