Kafin ka biya kowa ya gyara maka shafin intanet

Malamin makaranta mai ɗora darussa, ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo mai rubuta gajerun labarai, ɗan kasuwa mai son a ga hajarsa har Katsina da Kano, duk wanda ya buɗe shafin intanet na kansa a Maradi buƙatarsa kusan ɗaya ce: shafin ya yi kyau, ya buɗe da sauri ko rezo ba ƙarfi, Google ya gan shi. Ni kuwa ina da ma'auni biyu da nake fara ɗora kowane kaya a kai. Na farko, in shafin ya lalace da dare, akwai kwafin da za a maido da shi da safe? Na biyu, makullan suna hannun wa?

A fara da gindin abin. Blogger na Google ne tun 2003, kyauta ne, ba kuɗin masauki (wurin ajiye shafin), kuma wanda aljihunsa bai da nauyi ba laifi ya fara da shi, sai dai ba a ƙara masa fulogin, wato ƙananan manhajojin da ke ƙara wa shafi wani aiki, abin da aka ba ka shi ke nan. Wix yana da kyan gani amma yana da nauyi a salula, kuma ranar da ka so tashi ba za ka iya kwashe shafinka ka kai wani wuri ba. Shafin Facebook kuwa ba naka ba ne, ana iya rufe shi ba tare da an nemi jin bakinka ba.

Zaɓina WordPress ne, ba na ɓoyewa. Matt Mullenweg da Mike Little suka fara shi a 2003, yau fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kansa suke. Amfanin wannan yawan a wurinmu shi ne duk matsalar da ta same ka ta riga ta sami dubban mutane, an rubuta maganinta da Faransanci da Turanci. Manhajar kyauta ce, kai ke zaɓar inda za ta zauna, kuma kana iya fitar da rubuce-rubucenka gaba ɗaya a fayil guda ka ƙaura. Akwai manhajarsa ta Android da ke barin ka rubuta ka ajiye ko babu intanet, sai rezo ya dawo ka tura. Wanda ya san yadda wuta ke ɗaukewa a watannin zafi ya san darajar wannan. Amma ka bambanta WordPress.org, inda ake sauko da manhajar, da WordPress.com, wanda masauki ne na kamfanin Automattic, kuma tsarinsa na kyauta ba ya barin a sa fulogin.

Masauki, wato kamfanin da zai ajiye maka shafin a sabarsa, ba zan tsawaita a kai ba. OVH da LWS da o2switch na Faransa ne, suna amsa tambaya da Faransanci, farashinsu kuma da yuro yake, yuro ɗaya kuwa sefa 655.957 ne ba ya motsi, saboda haka canjin kuɗi ba zai sauya maka lissafi baɗi ba. Hostinger da Namecheap ma ana amfani da su sosai. Abin dubawa shi ne farashin sabuntawa, domin ƙaramin kuɗin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe galibi na shigar farko ne, kuma sai ka biya shekaru da yawa a dunƙule. Ɗan kwaɗon tsaron nan da wasu burauza ke nunawa kusa da adireshin shafi, Let's Encrypt na ba da takardar shaidarsa kyauta. Wanda ya caje ka kuɗinsa daban, ka tambaye shi dalili.

Fulogin da nake sawa kafin kowane shi ne UpdraftPlus. Ba ya ƙara wa shafi ado ko kaɗan, aikinsa kawai ɗaukar kwafi. Kana gaya masa lokacin da zai yi, kullum ko duk mako, da adadin kwafin da zai riƙe, shi kuma ya tattara rumbun bayanai daban, hotuna daban, fulogin da rigar shafi (wato tsarin kamanninsa) daban, ya aika da su Google Drive ko Dropbox ɗinka. Google na ba kowane asusu giga 15 kyauta, ya ishi shafin rubutu na tsawon lokaci. In abu ya ɓaci, maɓalli ɗaya za ka danna ka zaɓi abin da za a maido. Duk wannan a sigar kyauta yake. Abin da ya sa nake nanata a aika kwafin waje shi ne abin da ya faru ranar 10 ga Maris 2021, da gobara ta cinye ɗaya daga gine-ginen OVH a Strasbourg. Shafuka masu ɗimbin yawa sun mutu a lokaci guda, waɗanda kwafinsu ke ajiye a wuri ɗaya da shafin kuma suka rasa duka biyun. Babban kamfani ne, ba ɓarawo ya shiga ba, wuta ce kawai. Kwafin da masauki ya ce yana ɗaukar maka alheri ne, amma naka na hannunka daban. Bayan ka saita shi, ka sauko da kwafi ɗaya ka ajiye a kwamfuta ko katin memori, ka kuma gwada maidowa tun shafin yana lafiya, don hannunka ya saba.

Akwai wasu fulogin masu ɗaukar kwafi. Duplicator ya fi dacewa da ƙaura, ɗaukar kwafi a kan jadawali sai an biya. All-in-One WP Migration yana tsayawa in fayil ya yi girma. Na Jetpack kuɗi ne duk wata.

Saurin shafi kusan duka maganar hotuna ce. Hoton da salula ta ɗauka yakan kai mega 3 ko 4, ka jera biyar a rubutu ɗaya ka cinye wa mai karatu forfensa kafin ya ga layin farko. WordPress na karɓar hoton WebP, nau'in hoto mara nauyi, tun sigar 5.8 ta 2021; ka rage hoton a shafin Squoosh kafin ka ɗora, ko ka bar fulogin ShortPixel ko EWWW su yi maka. Akwai kuma fulogin masu sa shafi ya buɗe da sauri: in sabar masaukinka LiteSpeed ce, sa LiteSpeed Cache, in ba ita ba ce WP Super Cache ya wadatar, kada dai ka haɗa biyu. Elementor, fulogin zana fasalin shafi, ban ga amfaninsa ga mai rubutu ba. Riga mara nauyi irin GeneratePress ko Astra ta isa, amma kafin ka tsaya a kan kowace, rubuta ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ka duba a salula. In sun fito a karkace ko sun zama akwati, canja salon haruffa zuwa Noto Sans ko Andika.

Yoast da Rank Math aikinsu ɗaya, taimaka wa Google ya ga shafi, ɗauki guda ka wuce. Fitilar kore da ja da suke kunnawa kan daɗin karatu ba a gina ta don Hausa ba, kada ka lanƙwasa jimlarka saboda ita. Rajista a Google Search Console, inda ake ganin yadda Google ke ganin shafinka, wadda kyauta ce, ta fi su amfani. Don tsaro, Wordfence na kyauta ya yi. Sabbin dokokin katangarsa na iso wa masu kyauta kwana 30 bayan masu biya, amma yana ba ka shiga mai mataki biyu, wato kalmar sirri da lamba daga wayarka, wannan kuwa ka kunna shi yau.

To, ɗan'uwa, ga inda ake cutar mutane. A rukunonin WhatsApp da Telegram za ka ga ana tallar fulogin da riguna masu tsada a kan jaka ɗaya ko biyu, ana rubuta "nulled" ko "GPL" a jikinsu. Fasassu ne. An cire musu wurin duba lasisi, sau da yawa kuma an cusa wani abu a gurbinsa. A 2019 Wordfence ya bayyana cewa cutar WP-VCD, wadda ta fi kowace yaɗuwa a shafukan WordPress a lokacin, ta irin waɗannan kayan take shiga. Na ga aikinta da idona. Wani mai gyara da na biya ya sa wa shafina riga mai tsada, ya ce lasisinsa ne. Ni in na shiga komai lafiya, amma mai karatu in ya taɓa rubutu a salula sai a jefa shi shafin caca da hotunan banza. Wani dattijo da nake jin nauyinsa ne ya kira ni ya ce, "Malam, lafiya shafin nan naka?" Kwafin da ke Google Drive ne ya fid da ni. Araha ba ta ado. Fulogin, ko dai daga rumbun WordPress.org, ko daga shafin wanda ya ƙirƙira shi, babu hanya ta uku. Wanda ya ce ya saya maka, ya nuna rasit da lambar lasisi da sunanka.

Akwai masu sayar da asusun AdSense (tsarin Google na biyan mai shafi kuɗin talla) "wanda aka riga aka amince da shi". Asusun na ɗauke da sunan wani da adireshin wani, kuɗin ba sa fita sai sun kai dalar Amurka 100, ranar da suka kai kuma mai sunan na iya karɓe abinsa. Hausa ma ba ta cikin jerin harsunan da AdSense ke karɓa, duk mai yi maka alkawarin miliyoyi da shafin Hausa zalla ka yi nesa da shi. Akwai kuma wasiƙun imel na bogi: a ƙarshen 2023 an yi ta aika wa masu shafuka saƙo da sunan jami'an tsaron WordPress, ana cewa su sauko da wani gyara na gaggawa, gyaran kuwa ƙofar ɓarayi ne. Sabuntawa ta gaskiya a cikin allon shafinka take bayyana.

Mafi ciwo ita ce maganar adireshi, wato sunan shafin da ake saya, irin mai ƙarewa da .com. Yawancin kamfanonin waje ba sa karɓar Airtel Money ko Moov Money, katin Visa suke so, shi ya sa mutane ke tura kuɗi ta Nita ko Amana ga wani mai kati a Yamai ko Kano ya saya musu. Shi kuma sai ya yi rajista da imel ɗinsa. Adireshin shafi kamar takardar fili ne, wanda sunansa ke jiki shi ke da wuri, ko kai ka yi ginin. Adireshin .com na shekara bai wuce dalar Amurka 10 zuwa 20 ba, amma in lokacin sabuntawa ya zo, mai riƙe da shi zai faɗi abin da ya ga dama, in ka ƙi ya bar shi ya mutu. Ka nemi katin Visa da ake zuba wa kuɗi a banki ka saya da kanka. In dole sai da mai gyara, na gari ne ko na nesa, ku buɗe asusun da imel ɗinka da lambar wayarka, kalmar sirri kai ka rubuta ta. A cikin WordPress ka buɗe masa asusu nasa daban, ya gama aiki ka goge. Rabin kuɗi a farko, rabi bayan ka shiga ko'ina da kanka ka gani.

Wanda adireshinsa ya riga ya shiga hannun wani, ya lallaɓa tun ana shiri, kafin wa'adi ya matso. Ka buɗe asusunka a kamfanin rajista, ka roƙe shi ya cire kullen adireshin ya ba ka lambar canja hannu, wadda ake kira EPP. Ba a yin canjin cikin kwana 60 na farko bayan rajista, kuma yakan ɗauki kwana 5 zuwa 7 kafin ya kammala.