Bin diddigin cuta ko nazarin halayyar jama'a?

Wanda ya karanci kiwon lafiyar al'umma yakan tsinci kansa a mararraba. Hanya ɗaya ita ce bin diddigin cututtuka: tattara alƙaluma, gano inda kwalara ko zazzaɓin Lassa ya ɓulla, irin aikin NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya. Tana buƙatar mai haƙuri da lissafi da kwamfuta.

Ɗaya hanyar kuwa nazarin halayyar jama'a ce, kuma ita ta fi kwanta mini a rai. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan inna saboda jita-jitar cewa ɗigon yana hana haihuwa. Magani yana nan, alƙaluma suna nan, yarda ce babu. Sai da aka zauna da malamai da sarakuna, mata suka riƙa bi gida-gida, kafin a 2020 a tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Mai wannan fanni dalili yake nema: me ya sa maigida ke hana matarsa zuwa awo? Sai dai aikinsa yakan dogara da tallafin ƙungiyoyi, sakamakonsa kuma yakan ɗauki shekaru kafin a gani.