Zuwana asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa

Jama'a wallahi na daɗe ina jin kunyar faɗa amma bari in faɗa ko wani zai amfana. Bayan rasuwar mahaifiyata na shafe wata da watanni bacci ya ƙaurace min, abinci sai in tasa a gaba har ya huce, sallah ma da ƙyar nake tashi, a gida kowa cewa yake "imaninki ne ya yi rauni, ki ƙara istigfari", ni kuwa wannan maganar ta fi komai yi min ciwo don ina yi ɗin.

Yayata ce ta ja ni zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Likitar da na gani ba ta yi min gaggawa ba sam, ta miƙo min tishu ta bar ni na yi kukana, sannan ta ce ciwon damuwa ne kuma ciwo ne kamar hawan jini, mumini ma yana kamuwa. Abin da ya fi burge ni ba ta ce in ajiye addu'a ba, cewa ta yi azkar ɗin safe da yamma in riƙe su, maganin ma in riƙe, a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Ta gargaɗe ni ƙwayar sai ta yi sati 2 zuwa 4 kafin in fara jin canji, kar in daina da kaina.

Sati na biyar na tashi Asuba ba wanda ya tashe ni, ina karanta Walluha ina hawaye. Alhamis mai zuwa zan koma.